Bokiti Huɗu, Goɗiya Ɗaya

Nola mace ce da ba ta iya ganin ƙulli ta wuce ba ta kwance shi ba. Tun tana budurwa uwarta ke cewa bin diddigi ne zai yi ajalinta, amma ga ta nan, shekara tara da aure a gidan Kellaway, lafiyarta lau, kuma babu akwatin da ba ta san abin da ke gindinsa ba sai guda ɗaya. Akwatin na surukinta ne, tsoho Ambrose, shi kuwa mai akwatin ya fi akwatin wuyar buɗewa.

A shekarar 1957 fari ya kama garin Kurrawin da kewaye. Wata bakwai ba a ga ɗigon ruwa ba. Tafkin gona ya ƙafe ya tsattsage, tumaki suka rame har kana iya ƙirga haƙarƙarinsu ta cikin ulu, tankin da ke tarbar ruwan rufi kuwa in ka ƙwanƙwasa shi sai ya amsa maka kamar ganga. Gidan gaba ɗaya ya koma kan tsohuwar rijiyar da ke bayan rumfar askin tumaki, rijiya mai zurfi, mai warin laka, wadda in an ɗebi kaɗan sai an jira ta sake tarawa.

A cikin wannan hali ne tsohon ya ɓullo da sabon salo. Kullum rana na fitowa sai ya ja goɗiyarsa Biddy zuwa bakin rijiya. Da hannun dama kaɗai yake jan guga, yana take igiyar da ƙafa in zai sake kamu. Na hagun kuwa sai ya miƙe shi gefe, yatsu a ware, kamar mai jiran lalle ya bushe. Ya cika bokitin tamfol huɗu, ya jera su. Biddy ta sha ɗaya. Sauran ukun sai ya tsaya ya zuba musu ido, leɓɓansa na motsi, sannan ya sa ƙafa ya tuntsurar da su ɗaya bayan ɗaya, ƙasa ta shanye.

Ranar Talata da safe Desmond, mijin Nola, wanda shi kaɗai ne ɗan tsohon, ya shigo kicin ya jefa hularsa kan tebur.

"Bokiti uku, Nola. Kullum ta Allah. Ni ina yanka tumaki don babu ruwan ba su, shi yana shayar da ƙasa."

"Ka tambaye shi dalili?"

"Na tambaya. Ya ce in je in duba shingen gabas."

Nola ta ƙyalƙyale da dariya, don duk tambayar da tsohon ba ya so, amsarta ke nan. Ranar da ta tambaye shi yadda ya haɗu da marigayiyar matarsa ma shingen gabas ya aike ta.

"Ba abin dariya ba ne," in ji Desmond. "Kan Baba ya taɓu. Yau ruwa yake zubarwa, gobe shi zai faɗa rijiyar. Na yi magana da likita. Ranar Juma'a zai zo ya duba shi, in ya sa hannu akwai gado a gidan 'yan mazan jiya a Sydney."

Desmond ba mugun ɗa ba ne. Gajiya ce ta ci shi, da tsoro, kuma namiji in ya tsorata sai ya nemi takardar da zai cika. Amma Nola ta san abin da shi ma ya sani yake ƙin faɗa. Tsohon nan a ɗakin da yake kwana aka haife shi, kuma ban da shekaru huɗun da ya yi a yaƙi bai taɓa yin sati guda a wani gari ba. In aka kai shi inda ba ya jin kukan tumaki, ba zai ga Kirsimeti ba. Tausayinsa ya kama ta, amma gaskiya ɗaya ce, son sanin dalili ya fi tausayin cin ta. Mahaukaci ba ya jera bokiti daidai wa daida haka. Ruwa ba ya tsami banza.

Da maza suka fita gona, ta shiga ɗakin tsohon da tsintsiya a hannu don shaida, ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Shekara tara tana zaton a kulle yake. Ashe ko kwaɗo babu.

Ciki ta tarar da hular soja mai faɗin baki, da gashin tsuntsun emu, mai kama da jimina, a gefe wanda asu suka ci rabinsa. Ƙarƙashin hular akwai gashin doki ƙulli huɗu, baƙi, ja, fari da ruwan ƙasa, kowanne an ɗaure shi da zare. Sai hoto guda, samari huɗu tsaye gaban tanti cikin rairayi, duk sun tsuke ido saboda rana. A bayan hoton an rubuta da fensir: Ɗaya, Hedley. Biyu, Wilf. Uku, ni. Huɗu, Barney.

Barney ta san sunansa, don a watan jiya tsohon ya ga sanarwar rasuwarsa a jarida, ya ninke jaridar ya ajiye. Wilf ba ta taɓa jin shi ba. Na farkon kuwa kunnuwansa kaɗai sun isa shaida. Hedley Pascoe ne, badukun sirdi na cikin gari. Nola ta zauna a bakin gado baki buɗe. Shekara tara tana ganin mutanen nan biyu suna haɗuwa kowace Asabar a ƙofar kanti. Wannan ya ce, "Hedley." Wancan ya ce, "Ambrose." Wannan ya ce, "Zafi." Wancan ya ce, "Zafi kam." Kowa ya kama gabansa. Ba ta taɓa zaton sun ci abinci a kwano ɗaya ba, balle tanti.

Washegari ta nemo wani tsohon linzami, ta taimaka masa ya ƙarasa tsinkewa, ta hau motar a-kori-kura ta yi cikin gari.

Shagon Hedley na warin fata da kakin zuma. Tun da motocin noma suka kori dawaki aikin ya ja baya, ya koma gyaran jakunkunan 'yan makaranta da takalma. Ya karɓi linzamin, ya juya shi, ya dube ta ta saman tabarau.

"Wannan ba tsinkewa ya yi ba, yankawa aka yi. Da wuƙar yanka burodi kuma. Me kike nema, matar Desmond?"

Kunya ba ta cika kama Nola ba. Ta ciro hoton ta ajiye kan teburin aikinsa.

"Kawu Hedley, mene ne uku?"

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya tura mata kujera da ƙafa.

"Mutane suna ganin hular nan mai gashi sai su ɗauka kan doki muke yaƙi, da takobi, kamar a sinima. Ina. Doki motarmu ce kawai. Huɗu-huɗu ake raba mu. In an isa wurin faɗa sai a ce a sauka, uku su ɗauki bindiga su yi gaba a ƙafa, na ukun cikin jeri kuwa ya tattara linzaman nan huɗu, ya ja dawaki baya inda harsashi ba ya kai, ya jira. In an busa usur na komawa, dole ka same shi a inda ka bar shi. Shi ne Lamba Uku."

"To ai ya huta."

"Ya huta?" Hedley ya yi wata 'yar dariya. "Ke riƙe dawaki huɗu igwa na tashi ki gani. Mu aƙalla muna iya kwanciya bayan dutse. Shi a tsaye yake, hannu a miƙe, ko ƙuda ba ya iya korewa. A wasu rukunan juyi ake yi, yau kai gobe wani. Mu ba mu taɓa juyi ba. Surukinki tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake horar da dawakin daji, in ya hura wa doki iska a hanci sai ya bi shi kamar kare. Da nasa dokin ya shiga soja, wani baƙi mai suna Bishop. Daga Masar har Falasɗinu, da ƙyar ya harba bindiga sau goma. Mukan tsokane shi mu ce gwamnati ta yi asarar bindiga, da tsintsiya ta ba shi."

"Wilf fa?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskar tsohon. Ya ɗauki basilla ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Wilf Lovett amininsa ne, gonakinsu shinge ɗaya. Uwar Wilf da kanta ta damƙa shi a hannun Ambrose a tashar jirgi. To, watan Nuwamba ne, kamar yanzu, shekara arba'in ke nan. Mun wuce Biyersheba muna bin Turkawa arewa, ƙasar kuwa babu ruwa. Kwana biyu cur dawaki ba su sha ba. Harsunansu sun kumbura, wasu na lasar gumin juna. Da asuba aka ce mu hau wani tudu. Muka sauka, muka miƙa wa Ambrose linzamai a cikin wani busasshen kwari, muka hau. Ba mu yi minti goma sha biyar a sama ba harsashi ya sami Wilf a nan." Ya taɓa saman girarsa. "Kafaɗarsa na jingine da tawa. Ko a bai ce ba."

Nola ta jawo kujerarta kusa da shi.

"Muka yini a tudun nan har azahar, sannan aka busa mu koma. Na so in ɗauko shi. Na ja shi taku biyar, wuta ta yi yawa, na sake shi na gudu. Da muka sauko kwari, babu dawaki. Can sai ga Ambrose ya ɓullo daga ƙasan kwarin a sukwane, yana jan ukun. Ya dube ni, ya dubi Barney, ya dubi inda ya kamata Wilf ya tsaya. Ya miƙo mini linzamina. Bai tambaye ni komai ba, ranar nan har yau."

"Kai kuma ba ka faɗa masa ba?"

"In ce masa me? Na bar amininka wa ungulu? 'Yata, wanda bai tambaye ka ba ai ya riga ya yanke maka hukunci. Kuma yana da gaskiya." Ya tura mata hoton. "Ki zo Asabar ki karɓi linzaminki. Gaba in za ki yanka, ki nemi wuƙa mai kaifi."

A hanyar komawa gida Nola ta yi ta juya zancen. Yanzu ta san huɗu, ta san hannun da ke miƙe. Amma wani abu ya tsaya mata a wuya. Hedley ya ce dole ka sami Lamba Uku a inda ka bar shi, su kuwa ba su same shi ba. Ya faɗi wannan ya wuce kamar ba komai ba, don idonsa na kan nasa laifin. To ina Ambrose ya je?

Ranar Alhamis ta riga tsohon isa rijiya. Da ya iso da Biddy ya gan ta zaune kan bakin siminti, bai nuna mamaki ba.

"Je ki duba shingen gabas," in ji shi.

"Na duba, Baba, yana nan inda ka bar shi. Gobe likita zai zo."

"Na sani. Bangon gidan nan katako ne, mijinki kuma ba ya iya raɗa." Ya zura guga. "Kin taɓa hulata. Gashin ba haka nake ajiye shi ba."

"Na taɓa. Na kuma je wurin Kawu Hedley. Ya gaya mini aikin Lamba Uku." Ta jira ya cika bokitin farko. "Ina ka kai dawakin ranar nan?"

Ta ɗauka zai kore ta. Ya ci gaba da jan ruwa, hannun hagu a miƙe, sai da ya cika na uku sannan ya yi magana, idonsa cikin rijiya.

"Dawakin ne suka ji warin. Tun hantsi suke ja na zuwa ƙasan kwari, kusan su cire mini kafaɗa. Doka ta ce kada in motsa. Amma na dubi idanunsu na san in aka ce a gudu, ba za su yi mil biyu ba. Na ce bari in leƙa. Rabin mil, sai ga tsohuwar rijiya a bayan duwatsu, mai zurfi kamar wannan, da wari irin wannan. Guga ɗaya ke gare ni, hannu ɗaya kuma. Na shayar da na Hedley. Na shayar da nawa. Na shayar da na Barney. Ina zura guga na huɗu sai na ji usur."

Ya saki gugan ya tafi ƙasa. Aka ji faɗuwarsa can nesa.

"Farin dokin Wilf ne ya rage. Yana tsaye yana kallon 'yan'uwansa suna lasar baki, ya ɗora mini kai a kafaɗa. Na ji usur sarai, ban kurumce ba. Na ce guga ɗaya kawai." Ya fara ja, leɓɓansa na motsi, bai sake cewa komai ba sai da gugan ya fito. "Ɗari biyu da goma. Jiya ɗari biyu da shida. Kin ga abin da nake yi ke nan, ƙirga nake yi. Shekara arba'in ban san tsawon lokacin ba, don da famfo muke sha. Bana rijiya ta yi ƙasa, igiya ta kai tsawon waccan. Dole in ja ukun farko, don hannu ya gaji yadda ya gaji ranar nan. Ɗari biyu da goma, 'yata. Mutum mai gudu zai ci rabin mil kusan. Da ina wurin, da ya hau doki."

"Wa ya ce maka yana gudu aka harbe shi?"

"Sai an gaya mini? Ina isowa Barney ya daka mini tsawa, ya ce gidan uban wa na shiga, Wilf ya tafi. Hedley kuwa ko fuskata bai iya kallo ba, har yau bai iya ba. Mutumin kirki ne, bai taɓa tona ni ba. Shi ya sa ba na maci da su ranar tunawa da yaƙi. In sun jeru da lambobin yabonsu, ni ina bayan zauren taro wurin dawaki, inda ya kamata a same ni."

"To me ya sa kake zubar da ruwan? Ai da ka kawo kicin Desmond ba zai ce komai ba."

Ya dube ta a karo na farko.

"Ruwan da na saya da ran mutum? In kai a dafa shayi?" Ya girgiza kai. "Ban haukace ba, Nola. Na san babu dawaki. Amma in likita ya ce in tafi zan tafi. An daɗe ana jinkirta mini hukunci."

Ya sa ƙafa ya tuntsurar da bokitan.

Nola ta tsaya tana kallon ƙasa na shanye ruwan. Tana iya faɗa masa a take, maganar tana kan harshenta. Amma ta san shi. Zai ce tausayi ne, ta ƙaga don ta hana a kai shi Sydney. Maganar nan sai daga bakin wanda kafaɗar Wilf ke jingine da tasa. Abin ya ba ta tausayi, ya kuma ba ta haushi. Maza biyu, gari ɗaya, kanti ɗaya, shekara arba'in kowa na ɗauke da rabin labari yana zaton ɗan'uwansa ne alƙali. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan duhun su suka hure fitilar da bakinsu suka kashe.

Ranar Juma'a tun gari bai gama wayewa ba ta tada mota. Ta sami Hedley yana shan shayi da singileti. Wannan karon ba ta zo da linzami ba.

"Sa riga, Kawu. Yau da sassafe likita zai rubuta cewa Lamba Ukunka ya haukace."

"Ni mene ne nawa? Ba zai so ganina a gonarsa ba."

"Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Sa riga, ko in tafi da kai a haka."

Suka iso rana na fitowa. Ambrose na bakin rijiya, bokiti uku a cike, yana jan na huɗu. Da ya ga wanda ke bayan Nola sai hannunsa ya tsaya.

"Hedley."

"Ambrose."

"Zafi."

"Zafi ka..."

"Wallahi duk wanda ya sake ce mini zafi sai na tura shi rijiyar nan," in ji Nola. "Kawu Hedley, gaya masa. Yaushe Wilf ya mutu?"

Hedley ya cire hula yana murza bakinta. Ya dubi ƙasa.

"Ai ya sani. Da asuba, muna hawa. Ko minti goma sha biyar ba mu yi ba. Ambrose, na yi ƙoƙarin ɗauko shi, Allah shaida ne. Na ja shi taku biyar..."

"Da asuba?" in ji Ambrose.

"Rana ma ba ta gama fitowa ba."

"Ba a kwari ba? Ba yana neman dawaki ba?"

Hedley ya ɗago kai. Karo na farko ke nan cikin shekara arba'in da ya dubi mutumin a ido.

"Wane kwari? Wilf bai sauko daga tudun nan ba. Ya yi awa shida da mutuwa kafin a busa usur. Abin da na kasa gaya maka ke nan, can na bar shi."

Igiyar ta suɓuce daga ƙarƙashin ƙafar Ambrose, Nola ta yi wuf ta cafke. Tsohon ya zauna kan simintin rijiya. Hannun hagunsa har yanzu a miƙe yake, ya manta da shi. Biddy na gefe tana zuƙar ruwanta.

"Barney ya ce gidan uban wa na shiga," in ji shi a hankali.

"Barney kullum haka yake cewa, ko sukari ka je ɗaukowa." Hedley ya matso. "Tsaya. Kana nufin duk shekarun nan kai kana zaton... Kai, Lamba Uku. Mu da muka ga bakin dawaki a jiƙe, kamar mu sumbace ka. Mil goma sha huɗu muka yi ranar nan. Dawakin rukunin da ke kusa da mu biyu suka faɗi a hanya. Farin Wilf wa ya ɗauka? Ba kofur ɗin nan da aka harba a cinya ba? Da bai sha ba da me zai kai shi?"

"Shekara arba'in," in ji Ambrose. Yanzu fushi ne ya taso masa, fuskarsa ta yi ja. "Shekara arba'in, kai tsohon banza mai kunnen jaki, kana ce mini zafi kam."

"Ka tambaye ni ne? Ni ina jira ka zage ni, kai ka yi mini shiru kamar limamin coci."

"Me zan zage ka a kai? Gawa ce. Wilf da kansa zai ce ka gudu, ya fi kowa sanin ba ka da ƙarfin ɗaukar buhun dankali."

Hedley ya buɗe baki zai rama, sai hawaye ya riga shi. Ya toshe fuska da hula. Ambrose ya juya yana kallon shingen gabas, hawaye na bin tamojin kumatunsa, bai share ba. Nola ta ƙarasa jawo gugan ta cika bokiti na huɗu, don ta sami inda za ta sa idonta.

A haka Desmond ya iso da likita, wani dogo mai jaka da takarda a hannu. Desmond ya nuna jerin bokitan da haɓa, alamar ga abin da nake faɗa maka. Likita ya gaishe su, ya tambayi tsohon ko ya san yau wace rana ce.

"Juma'a, takwas ga Nuwamba. Kai ne ka ɗinke mini yatsa shekara uku da suka wuce, ka ɗinke shi a karkace."

"To, Baba, waɗannan bokitan fa? Na ga doki ɗaya ne."

Kafin Ambrose ya amsa, Hedley ya fyace hanci, ya mai da hularsa, ya tako ya tsaya gabansa ya miƙa hannu, yadda ake yi in an sauko daga tudu.

"Lamba Uku, ba ni nawa."

Ambrose ya dube shi. Ya sunkuya ya ɗauki bokiti ɗaya ya miƙa masa.

"Na Barney kuma a ba yarinyar nan," in ji Hedley. "Bakinta irin nasa ne."

Nola ta karɓa. Biddy ta riga ta shanye nata. Saura guda, na ƙarshe, wanda Nola ta cika, ruwan na tsatsowa ta jikin tamfol yana ɗiga. Desmond ya zuba ido yana jiran ƙafar uban ta tuntsurar da shi. Tsohon ya daɗe tsaye a kansa. Sannan ya sauke hannun hagunsa, yatsun da suke a ware suka rufe kan mariƙin, ya ɗaga.

Likita ya dubi Desmond. Desmond bai fahimci komai ba tukuna, amma ya san ubansa, kuma bai taɓa ganin kafaɗunsa sun sauka haka ba. Ya karɓi takardar daga hannun likita, ya ninke ta huɗu ya cusa a aljihun baya.

Tsofaffin biyu suka nufi gida a jere, ruwa na fantsama a wandunansu, suna musu kan wanda ya fi wani wauta. A ƙofar kicin Ambrose ya tsaya ya jira Nola, ya ajiye bokitin a gabanta.

"Wannan na Wilf ne," in ji shi. "Ɗora mana shayi da shi, 'yata. Ki sa sukari uku, haka yake sha."